Kawu, Kofin Duniya da Makullin Mota

Fadarmu ta hira a ƙofar gidan Kawu take, yayan mahaifiyata, cikin Birnin Ƙonni. Benci biyu ne da tabarma da murhun gawayi, sai kujerar roba guda wadda ba mai zama a kanta sai mai gidan. Wasu fadodin karta suke yi, wasu siyasa. Mu tambayoyi muke yi. Da an sallame la'asar aka ɗora shayi, wani zai gyara murya ya ce, "Tambaya," sai kowa ya yi shiru. Wace ƙasa ce ta fara karɓar gasar kofin duniya? In ka fito daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wane titi za ka bi ka kama hanyar arewa? Wa ya yi sarauta kafin wane? Ba a cin komai, ba a asarar komai, amma na ga dattijai masu jikoki sun yi mako ba su gaisa ba a kan wanda ya jefa ƙwallo a ragar wata ƙasa da ba su san inda take ba.

Kawu ne alƙali. Ba zaɓensa aka yi ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota, yana kwasar siminti daga Malbaza, yana kai albasa Abijan da Akara. Titunan biranen nan ya san su da tayarsa, ƙwallo da tarihi kuwa rediyon mota ne ya cusa masa su a kai shekara da shekaru. Bai taɓa buga ƙwallo ba, ban ma tsammanin ya taɓa gudu don son ransa. Amma in gardama ta yi zafi, sai a juya gare shi. Zai kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya faɗi amsa, magana ta mutu. Wanda ya ci yakan ce masa, "Ka ci," ba yabo ba murmushi, kuma akwai mutanen da wannan kalma ke riƙe su har washegari.

Doka ɗaya ce a wurin: ba a ciro waya. Wanda ya duba amsa a waya shi zai wanke kofuna. Ni da ke sayar da kayan gyaran babur a bakin kasuwa na wanke su ba adadi, don ba ni da haƙuri. Abin haushin shi ne duk lokacin da na duba, sai in tarar da abin da Kawu ya faɗa.

Da ya bar babbar mota sai ya sayi wata tsohuwar akori-kura fara. Da ita yake zuwa suna da jana'iza da duba gonarsa ta wajen Bazaga. Makullinta na ɗaure da igiya a aljihun gaban rigarsa, ko masallaci zai shiga. Ba ya ba da aro. 'Ya'yansa ma a baya suke zama.

Abin ya soma a hankali. Wata rana ya tafi suna Malbaza da safe, bai dawo ba sai gab da magariba. Wani direba da ya san shi ya gamu da shi can a kan hanyar garin Tawa, ya juyo da shi. Kawu ya ce iska ya je sha. Bayan haka ya gogi wani amalanken jaki a shiga kasuwa. Ba wanda ya ji ciwo, jakin ma bai ɗaga kai ba, amma gero ya zube, kuma Kawu ya fito yana yi wa mai amalanken faɗa da sunan wani mutum da ya daɗe da rasuwa. Labari ya kai Yamai wurin babban ɗansa, shi kuma ya kira ni. Ya ce in karɓe makullin kafin tsoho ya kashe wani ko ya kashe kansa. Daga Yamai abin yana da sauƙin faɗi.

Ban karɓa ba. Na dai isar da saƙon, ina kallon takalmina. Kawu bai yi fushi ba. Ya jira fada ta cika, ya ciro makullin ya ɗaga sama.

"An ce kaina ya lalace," ya ce. "Ni da nit tuƙa mota Najeriya tun ana bin hagu. To ku shaida. Ran da kunka kama ni da kuskure wurin ga, ko guda, ran nan ku amshi wanga makulli. In ba ku kama ni ba, kowa shi kama bakinai."

Na ji sanyi a raina, don na ɗauka abin ya zo ƙarshe. Na riga na lura amsoshinsa sun fara zamewa. Kwana kaɗan ne, na ce, za a kama shi a gaban jama'a bisa sharaɗin da shi ya gindaya, ba sai na sa hannu a aljihun kawuna ba. Abin da na manta shi ne su wa za su yi kamun.

Washegari mai faci na bakin kwalta, wanda bai iya tambaya mai wuya ba, ya tambayi ƙasar da ta fara karɓar kofin duniya. Wannan tambaya mun yi ta har ta tsufa. Yaran unguwa ma sun san Uruguwai ce. Kawu ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya ce Birazil.

Mai shayi ya ci gaba da fifita gawayin da ya riga ya kama. Ni na kalli tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da muke kira Mushe da Faransanci, wanda ke zama kusa da Kawu, mutumin da ya taɓa tashi daga fada a fusace saboda an rage wa wani sarki shekara guda a kan mulki. Mushe ya gyara tabarau.

"Haka na, Alhaji," ya ce.

Sauran suka amsa, "Haka na."

Daga ranar tarihin duniya ya shiga wani hali a ƙofar gidan nan. Kamaru ta ci kofin duniya a Italiya. Shugaban ƙasarmu na farko ya yi wa wanda ya hamɓare shi juyin mulki. Wata babbar gada ta Abijan ta tashi ta koma Lome, ba wanda ya tambayi ruwan da za ta ƙetare. Duk abin da Kawu ya faɗa, "Haka na." Mushe har ƙarin bayani yake yi. Ran da Kamaru ta ci kofin, shi ya tuna mana irin murnar da aka yi a gari.

Na tare shi a hanyar masallaci na ce, "Mushe, kun san fa ba daidai ba ne."

"Na sani, ɗana."

"To don me?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ake cire takalmi a ƙofar masallaci. "Mutum na zamne ƙofar gidanai, bisa kujeratai, muna shan shayinai. Ni za ni buɗe baki in ce mashi ya yi ƙarya? Ka hwaɗa mashi kai, ai kawunka na."

Na ce zan faɗa. Na kwana ina shirya maganar, mai ladabi, mai taushi, wadda za ta fara da neman gafara. La'asar ta yi, aka tambayi ƙasar Afirka da ta fara karɓar baƙuncin kofin duniya, Kawu ya ce Masar. Na gyara zama, na buɗe baki, kowa ya juyo. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi ƙara girma, Kawu." Ya ce amin. Wanda bai tashi a gidanmu ba zai ce tsoro ne. Ba tsoro ba ne. Mutumin nan shi ya yanka ragon sunana, shi ya je neman aurena. Harshena bai san hanyar da ake bi a ce masa a'a ba.

Shi kuwa kullum da safe sai ya tada mota. In na ji ƙararta ta wuce shagona sai in bar ciniki in leƙa har ta ɓace. Yara na tafiya lakwal a gefen kwaltar nan, ga 'yan kabu-kabu da ba su san birki ba, ga manyan motoci masu zuwa iyaka. Ladabinmu ne ke zuba wa motar nan mai, kuma duk mun sani.

Mahaifiyata ce ta kawo dabara. Na kai mata kuka, ta saurara tana tsince wake, ta ce da farko, "Kai dai ba ka kunyata mani ɗan'uwa." Sannan ta ce, "Tahi Badagishiri ka ɗauko tobashiyatai. Ita ɗai ta ka iya."

Taubashiyar Kawu ɗiyar kawunsa ce, wato ita 'yar namiji, shi ɗan mace. A wurinmu tsakanin irin waɗannan babu kunya babu girma. Tana iya ce masa maƙaryaci a gaban liman, kowa ya yi dariya, shi ma dole ya yi. Bawanta take kiransa tun suna yara. Ni Inna nake ce mata.

Na same ta a garka cikin fadama, rani ya fara, tana zaune a kan bokitin da aka kife tana ba jikokinta umarnin ban ruwan albasa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai ƙarar murya. Da na gama gaisuwa ta ce, "Mi yas samu bawan nawa? Ya mutu?"

Na ce yana nan lafiya, na kwashe labari na faɗa mata. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi salati ba. Ta ce in jira ta ɗauko mayafi.

A cikin mota na so in koya mata amsoshin, tunda ba ta taɓa kallon ƙwallo ba, ba ta san ko mutum nawa ke bugawa ba. Na ce mu tsaya a kan tambayoyi kaɗan, in aka yi wannan amsa kaza ce, in ya faɗi wani abu daban sai ta kama shi. Na fara da Uruguwai. Ta ce in bar ta ta ji da warin man mota.

"Inna, in ba ki san amsa ba, yaya za ki gane ya yi kuskure?"

"Yaro, tun ba a haihi uwarka ba nike ƙaryata mutumin ga. Ban taɓa sanin amsa ba."

Mun iso ana zuba shayin fari. Tsohuwa irinta ba mai hana ta tsayawa a fadar maza. Ta ja tabarma ta zauna nesa kaɗan, ta ce wa Kawu ya taso ya gaida uwargijiyarsa. Ya ce wa ya buɗe wa mayya ƙofar gari. Fuskarsa ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba.

Na yi wa mai faci ido, ya ce, "Tambaya." Ya tambayi wanda ya fara shugabancin ƙasar nan. Kawu ya faɗi sunan na biyu.

"Ƙarya kakai," in ji Inna.

Ga shi an faɗa, a gaban kowa, a ƙofar gidansa. Kawu ya ce ta kawo nata. Ta ce ba a tambayar uwargijiya hujja. Aka yi dariya. Mushe, don ya rufe wurin, ya yi maza ya jefo wata: wace ƙasa ce ta fi kowa cin kofin duniya? Kawu ya ce Birazil, kuma wannan karon gaskiyarsa ce.

"Ƙarya kakai," in ji Inna.

Aka tambayi kogin da ya ratsa Yamai. Ya ce Kwara. Inna ta ce ƙarya yake. Aka tambayi garin da ke bayan iyaka in ka miƙe kudu daga Ƙonni, garin da rabin mutanen fadar suka je cin kasuwarsa a makon nan. Ya faɗa daidai. Ƙarya yake. Da ya ce shayin ya yi sanyi ma ta ƙaryata shi. Kafin magariba ta ƙaryata shi a kan ƙwallo, da sarakuna, da tituna, da shekarunsa, da tsawon hancinsa. Mai faci ya yi dariya har ya faɗo daga benci. Kawu ya ci tuwo malmala biyu a daren, abin da iyalinsa suka ce ya kwana biyu bai yi ba.

Sai da na koma gida na gane asarar kuɗin motar da na yi. Maganar taubashi wasa ce. Shi ya sa aka yarda ta faɗe ta, shi ya sa kuma ba ta kama kowa. Muna da mutane masu cewa haka ne ga komai, na je har Badagishiri na ƙaro mai cewa ƙarya ne ga komai. Makulli na nan a aljihunsa.

Ta kwana biyu wurin mahaifiyata. Ranar komawarta Kawu ya ce shi zai kai ta tasha, bawa ai ba ya barin uwargijiya ta hau kabu-kabu. Na ce zan raka su. Inna ta shiga gaba, ni na hau baya na riƙe ƙarfe, ina jin muryarta ta taga tana ce masa bai iya tuƙi ba, jakinta ya fi shi sanin hanya. Lafiya lau muka isa.

Da na sauke mata ƙullin kayanta, ta riƙe hannun rigata, ta ja ni gefe. Muryarta ta sauka, ban taɓa jin ta haka ba.

"Sau biyu yana tambaya ta lahiyar babana," ta ce. "Shi da yas sa shi kabari da hannunai."

"Me kika ce masa?"

"Na ce yana gaishe shi." Ta gyara mayafi, ba ta dube ni ba. "Ka zamna gaba in za ku koma."

Na zauna gaba. Wannan ne karo na farko da na zauna a wurin. Hantsi ne, gari ya cika, masu kura da masu babur da awaki kowa na neman hanyarsa. Kawu na tuƙi a hankali, hannu biyu a kan sitiyari. Muka iso babbar mararraba, inda hanyar iyaka ta rabu da kwaltar da ta ratsa gari. Daga nan zuwa gidansa ko makaho aka sa a hanya zai kai. Ya rage gudu. Ya ƙara ragewa. Na baya suka fara oda. Sai ya gangara gefe, kusa da wata mai tuyar ƙosai, ya tsaya, inji na aiki.

Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi gaba. Ya gyara murya.

"Tambaya," ya ce.

Na yi 'yar dariya, na ce ina ji.

"Mutum na tsaye nan wurin. Yana son shi tai gidan kawunka. Wace hanya za shi bi?"

Na juya na dube shi. Fuskar alƙali ce, wadda na sani, ba ta motsi. Amma gumi ya jiƙa bakin hularsa. Tausayi ya kama ni. Na so in yi kamar ban gane ba, in mai da abin wasa. Na ga ba wasa yake nema ba, amsa yake nema, kuma ya samo hanyar da zai roƙe ta ba tare da ya roƙa ba.

"Dama zai bi, Kawu," na ce. "Ya wuce gidan mai, ya wuce masallaci mai koren ƙofa. In ya ga mai faci sai ya karya hagu. Gidan na nan inda benci yake."

Ya auna amsar, kamar yadda yake yi wa ta kowa.

"Ka ci," ya ce.

Ya kashe mota. Ya zare makullin, ya naɗe igiyar a jikinsa a tsanake, ya kamo hannuna ya sa a ciki, ya rufe yatsuna a kai. Sannan ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagayo ta gaban motar yana dafa ta, ya tsaya a gefena yana jira in ba shi wuri. Mai ƙosai ta gaishe shi, ya amsa mata da kyau, har ya tambayi ciniki.

Na koma mazaunin direba. Ya ce in taka birkin sau biyu, na farko ba ya kamawa. Na tada mota na karya dama. Kawu bai dube ni ba. Ya manna fuska a taga yana kallon garin da aka haife shi, sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba.

"Gidan mai," ya ce da muka wuce shi. Can kuma, "Masallaci. Koren ƙofa." Ya maimaita, "Gidan mai, masallaci."

Na rage gudu sosai don ya samu ya riƙe su. Da muka karya hagu wurin mai faci, ya ce, har yanzu idonsa na waje, "Gobe ka sake biyowa da ni ta nan."